Marasa aiki kashi 4, kasuwa maki dubu ɗari: wanne mai jari zai gaskata?

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta sanar cewa marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 cikin ɗari ne a watanni ukun farko na shekarar. Adadin da ta fitar kafin wannan, na ƙarshen 2020, kashi 33.3 ne. Bayan wata biyar, a Janairun 2024, babban ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya haura maki 100,000 a karon farko. Duk wannan a lokacin da litar fetur ta ninka kuɗinta sau uku bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta zube. Ɗan kasuwar da ke tara riɗi a Gumel, da mai turken shanu a Maigatari, da mai injin cashe shinkafa a Kura, idan suka ji waɗannan alƙaluma a rediyo, amsarsu ba ta wuce kalma ɗaya: ƙarya.

Shakkarsu tana da tushe. Amma wanda ya tsaya a kan "ƙarya ce" bai ci ribar shakkar ba, domin yawancin waɗannan alƙaluma ba ƙirƙirarsu aka yi ba. An auna su ne da gaske, sai dai abin da aka auna daban, abin da mai jari ke son sani daban. Wanda ya san yadda aka haɗa lissafin zai iya cin moriyarsa. Wanda ya watsar da shi ɗungurungum, sau da yawa yakan ƙare a hannun masu jita-jitar WhatsApp, kuma can asarar ta fi muni.

A tsohon tsarin NBS, sai mutum ya yi aikin awa 40 a mako ake lissafa shi cikakken mai aiki. Daga awa 20 zuwa 39 ana cewa aikinsa bai kai ba. Ƙasa da awa 20 kuwa, cikin marasa aiki ake jefa shi. Sabon tsarin, wanda aka ɗauko daga ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2013, ya ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya cikin kwana bakwai da suka wuce, don a biya shi ko don ya ci riba, mai aiki ne. Kafin a kira mutum marar aiki sai ya cika sharaɗi uku a tare: bai yi aikin komai ba a makon, ya nemi aiki a makonnin baya-bayan nan, kuma a shirye yake ya fara in an ba shi. An kuma sauya shekarun da ake ƙirgawa daga 15 zuwa 64, suka koma daga 15 zuwa sama babu iyaka. Kwanon awon ne aka sauya, hatsin da ke cikin buhu yana nan yadda yake. Saboda haka duk wanda ya jera 33.3 da 4.1 ya ce an samu ci gaba, ko bai sani ba ne ko kuma yana son ka da ka sani.

A ɗauki misalin ƙauye mai manya ɗari, don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce mutum 60 sun taɓa wani abin samun kuɗi a makon. Mutum uku ba su yi komai ba, suna nema, suna shirye. Sauran 37 ɗin ɗalibai ne, da tsofaffi, da matan da ba sa sana'a, da samarin da suka gaji da nema suka haƙura, da manoman da abin da suka noma na cin gida ne kawai. Waɗannan 37 ba sa shiga lissafin kwata-kwata. Sai a raba uku da 63, a samu kashi 4.8. To a ce cikin mutum 60 ɗin nan, 25 aikinsu bai kai awa 20 ba. A tsohon tsari marasa aiki 28 ke nan cikin 63, wato kashi 44. Ƙauye ɗaya, mako ɗaya, mutane ɗaya.

Kuma su wa ke cikin 60 ɗin? Akwai matar da ke soya ƙuli-ƙuli a ɗaka ranar jajibirin kasuwa. Akwai mai ɗinkin hula da ke ɗaukar sati uku kafin ta gama guda. Akwai saurayin da ya yi dakon buhu huɗu a Gujungu ranar Lahadi sannan ya zauna a majalisa sauran kwana shidan. Akwai ɗan da ke tsare wa mahaifinsa teburin kayan miya ba tare da an ba shi ko sisi ba, shi ma mai aiki ne a wannan lissafi, tunda sana'ar gidan ta neman riba ce. Shi ya sa rahoton kansa yake nuna abin da zai ba mutum mamaki: rashin aiki ya fi ƙanƙanta a karkara fiye da birni, ya kuma fi yawa ga masu takardun makaranta fiye da waɗanda ba su yi boko ba. Talaka ba shi da halin zama babu aiki. A Jamus ko Ingila gwamnati tana biyan marar aiki wani abu yayin da yake nema, don haka zai iya jira. A Sule Tankarkar wanda ya jira zai kwana da yunwa, sai ya fita ya yi ko mene ne, alƙalami kuma ya rubuta shi mai aiki. Hukumar da ta ce kashi 4 ita ce ta ce a 2022 mutum miliyan 133, kashi 63 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya haura kashi 80. Alƙaluman biyu ba su ƙaryata juna ba. Tare suke faɗin abu ɗaya: mutane suna aiki, aikin ba ya ciyar da su. Dakta Yemi Kale, wanda ya shugabanci hukumar shekara goma, ya fito fili ya soki ma'aunin awa ɗayan nan, kuma a ganina yana da gaskiya. Dacewa da tsarin duniya abu ne mai kyau wajen kwatanta ƙasa da ƙasa, amma kuskure ne a ɗora wannan adadin a kan gaba alhali an san yadda 'yan siyasa za su yi da shi.

Abin takaicin shi ne adadin da ke da amfani yana cikin rahoton, a shafukan da ba a karantowa a labarai. A can za ka ga fiye da kashi 90 na masu aiki suna ayyukan da ba su da rajista ba su da kariya, za ka ga masu ɗaukar albashi ba su kai kashi 15 ba, za ka ga a farkon 2023 kashi 12.2 na masu aiki sun ce ba sa kai awa 40 kuma suna son ƙari. Mai shirin buɗe shagon siminti da kwano a Ringim, ko mai son ba da babura haya a Dambatta, adadin masu albashi ya fi masa amfani nesa ba kusa ba, domin mai albashi ne ke iya biyan bashi wata-wata. Sai kuma ya tambayi wane wata aka yi binciken. Makon dashen shinkafa a Kadawa ko Auyo ba a samun hannun ƙwadago, a bazara kuwa rabin samarin gari sun tafi ci-rani. Adadin ƙasa baki ɗaya yana shafe wannan bambanci. Ga kuma matsalar tushe: ba a sake ƙidayar jama'a ba tun 2006, don haka duk wani kaso da aka mayar miliyoyin mutane, a kan hasashe aka gina shi.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke fama. A Amurka, inda duniya ke jiran rahoton ayyuka kowane wata, adadin farko daga amsoshin kamfanonin da suka amsa da wuri ake haɗa shi, sannan a gyara shi sau biyu yayin da sauran amsoshi ke shigowa, a kuma sake gyara shi sau ɗaya a shekara da takardun harajin inshorar ma'aikata. Ranar 1 ga Agusta 2025 aka rage ayyuka 258,000 daga abin da aka faɗa na watannin Mayu da Yuni, a ranar Shugaba Trump ya kori shugabar hukumar, Erika McEntarfer. Wata guda bayan haka gyaran shekara ya nuna lissafin baya ya zarce ainihin yawan ayyukan da 911,000. Gyara ba alamar maguɗi ba ce, hukumar da ba ta taɓa gyara adadinta ita ce abar tsoro. Korar mai awo saboda awon bai yi daɗi ba ita ce ta girgiza masu zuba jari. China kuwa, da rashin aikin matasa ya kai kashi 21.3 a Yunin 2023, sai ta daina fitar da adadin, ta dawo da shi a Janairun 2024 bayan ta cire ɗalibai, ya koma 14.9. Wannan ya shafi Maigatari ta hanya ɗaya tak: rahoton ayyukan Amurka yana juya kuɗin ruwan babban bankinsu, kuɗin ruwan yana juya dala, dala kuma tana juya farashin taki da na riɗi da zoɓorodon da ake fitarwa waje.

Ma'aunin kasuwar hannayen jari shi ya fi yaudarar ido, domin kullum ana sanar da shi kamar sakamakon wasa. An fara shi da maki 100 a Janairun 1984. Kamfanonin da ke kasuwar wajen 150 ne, amma ba daidai suke da nauyi ba. Ana ninka farashin hannu ɗaya da yawan hannayen kamfani, wanda ya fi girma shi ya fi jan ma'auni. Dangote Cement, da BUA Cement, da BUA Foods, da MTN, da Airtel, da 'yan manyan bankuna, su ke riƙe da mafi yawan nauyin. Idan uku daga cikinsu suka tashi, ma'auni zai hau ko da kamfanoni hamsin sun faɗi a ranar. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne a wasu daga cikin manyan nan, fiye da kashi 80 na hannayen suna hannun mai kamfanin, ba sa fitowa kasuwa. Ɗan abin da ya rage ake juyawa. Cinikin da bai taka kara ya karya ba yakan ɗaga farashi, sai a ninka sabon farashin da dukkan hannayen, har da waɗanda ba a taɓa sayarwa ba, a ce kasuwa ta ƙaru da naira biliyan kaza a yini ɗaya. Kuɗin nan ba su shiga aljihun kowa ba. Amurka ma haka ne, kamfanonin fasaha bakwai sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aunin manyan kamfanoni 500.

Sai a yi lissafin da dillali ba zai yi maka ba. Ma'aunin ya ƙaru da kashi 37.65 a 2024. Wanda ya sa naira miliyan ɗaya a farkon shekara, jarinsa kuma ya bi sawun ma'auni daidai, ya wayi gari da 1,376,500 a ƙarshenta. Hauhawar farashi a Disambar 2024 kashi 34.80 ce, wato kayan da miliyan ɗaya ta saya bara sai da 1,348,000 bana. Ribar gaskiya 28,500 ke nan, kafin a cire la'adar saye da ta sayarwa, sai ɗan abin da kamfanoni suka raba na riba a ɗora. In da dala ake auna abin, dala tana wajen naira 907 a ƙarshen 2023, ta koma wajen 1,535 a ƙarshen 2024. Miliyan ɗayan farko kusan dala 1,100 ce, 1,376,500 ɗin kuwa ba ta kai dala 900 ba. Ga mai sayo kaya daga waje, ko mai tara kuɗin kujerar Hajji, wannan faɗuwa ce, komai yawan makin da aka sanar.

Shi kansa adadin hauhawar farashin an taɓa shi. Daga 34.80 a Disamba ya sauko 24.48 a Janairun 2025, ba don tiyar gero ta sauko cikin wata guda ba. An sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, an rage nauyin abinci a kwandon lissafi daga sama da rabi zuwa wajen kashi 40. Sabunta kwandon wajibi ne, tunda a 2009 masu sayen data ba su da yawa. Sai dai gidan da kusan duk abin da ya samu a tukunya yake ƙarewa, nasa hauhawar farashin ta fi ta takarda a duk lokacin da abinci ya yi tsada.

Me ya ɗaga kasuwar a 2023, har ta ƙaru da kusan kashi 46? Babban dalili faɗuwar naira. Bankunan da ke riƙe da daloli sun wayi gari da riba mai yawa a littafi, ma'aunin bankuna ya ninka har da ɗoriya. Masu kuɗi kuma sun gudu daga ajiyar naira suka afka wa hannayen jari. A shekarar ce MTN Najeriya ta yi asarar naira biliyan 137 saboda bashin dala, Nestle ma ta tafka asara, kamfanonin waje GSK da Procter & Gamble suka sanar da naɗe tabarmar harkarsu kamar yadda aka santa a ƙasar. Ma'auni yana hawa, masana'antu suna rage ma'aikata, kuma ba saɓani a ciki, domin ma'aunin farashin takarda yake aunawa. Ga Musulmin da ba zai sayi hannun jarin bankin ruwa ko kamfanin giya ba, wani babban ɓangare na wannan tashi bai ma shafe shi ba. Nasa ma'aunin shi ne na Lotus, wanda aka fara a 2012, mai tace kamfanonin da suka dace da shari'a.

Dattawan da suka sayi hannayen jarin bankuna tsakanin 2005 da 2007 ba sa buƙatar wannan bayani. Ma'aunin ya kai maki 66,371 a Maris 2008, bankuna suna ba mutane bashi su sayi hannayen jarin bankunan da kansu. Kafin shekara ta zagayo ya faɗo wajen 20,000. A Agustan 2009 Sanusi Lamiɗo Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar, a 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Spring da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Ma'aunin bai sake taka matsayin 2008 ba sai a Agustan 2023, bayan shekara goma sha biyar, da nairar da ba ta kai ta da ba ko kusa. Da Babban Banki ya sake umartar bankuna su ƙara jari a Maris 2024, tallar hannun jari ta dawo, har a waya ake saye.

Amma akwai gefen da masu cewa "mu dai abin da ido ya gani" suke mantawa. Ido ma yana kuskure. Waɗanda suka ga tsadar masara da shinkafa a 2024 suka cika rumbuna da shaguna da kuɗin bashi, suna jiran bazara, sun sha kashi a 2025 da farashi ya karye. Alamun suna nan a fili tun da wuri: a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, naira ta fara tsayawa, manoma kuma sun faɗaɗa gonaki saboda tsadar bara. Duk waɗannan a cikin labaran da aka raina suke. Mafi muni kuma, mutumin da ya ce bai yarda da NBS ba, bai yarda da kasuwar Legas ba, shi ne za ka ga ya miƙa kuɗin sayar da sa ga wata manhaja da ta yi alkawarin ninka su cikin wata guda. MMM ta cinye mutane a 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Shakkar da ke tsananta wa gwamnati tana sassauta wa ɗan damfara ba ta tsare dukiyar kowa.

Mai jari a karkara yana da alƙaluman da suka fi na Abuja kusa da shi, in zai riƙa rubuta su. Kuɗin ƙwadagon yini ɗaya tiya nawa ta gero zai saya, a damina da kaka da bazara? In bara tiya biyu ne bana ɗaya da rabi, ciniki zai ja baya a shagonka komai abin da rahoto ya ce. Buhun shanshera nawa ke sayen buhun taki ɗaya? Wannan shi ke gaya maka ko manoma za su shiga noman rani da ƙarfi ko za su rage. Littafin bashin mai shago kwana nawa yake ɗauka kafin a biya? Mota nawa ake lodi a Wudil ranar Juma'a ko a Maigatari ranar Alhamis? Sharaɗin shi ne a rubuta kowane mako, da kwano ɗaya, a kasuwa ɗaya, har shekara ta zagayo, domin ƙwaƙwalwa tsadar da ta yi zafi kawai take riƙewa. Sannan a ɗora shi kusa da na hukuma. Inda suka tafi tare, ka samu tabbaci. Inda suka rabu, ka nemi dalili kafin ka saki kuɗi.

Wanda kuma ya yi niyyar sayen hannun jari, ya manta da makin kasuwa ya buɗe littafin kamfanin da zai saya. Ya duba ribar shekara biyar a jere, da abin da aka raba wa masu hannu a kowace shekara, da yawan bashin da ke kansa na dala, da yawan hannayen da ake cinikinsu a rana, domin hannun da ba a cinikinsa ranar da ka matsu ba za ka samu mai saye ba, ga shi farashi ba ya motsawa fiye da kashi 10 a yini. Ya raba farashi da ribar kowane hannu: hannun naira 50 mai kawo ribar naira 5, shekara goma ke nan kafin riba ta biya kuɗinsa. In naira 2 ake rabawa daga ciki, a cire harajin kashi 10, saura 1.80, wato kashi 3.6 a shekara. Ya kwatanta wannan da sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, wanda aka fara a 2017 kuma ana shiga da naira 10,000, ya kuma kwatanta da abin da kuɗin za su kawo a turken raguna bayan an cire dusa da harawa da magani da wanda ya mutu. Ya tabbatar dillalin yana da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari, an buɗe masa asusun CSCS, wato ma'ajiyar hannayen jari, da sunansa da lambarsa, ya kuma cike takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa faɗawa asusun bankinsa kai tsaye. Sunan da ke takardar hannun jarin ya zama daidai da na BVN harafi da harafi, domin saɓanin suna, irin Muhammad a nan Mamman a can, yana cikin abubuwan da ke sa ribar mutane ta maƙale shekaru a hannun masu rajistar kamfanoni, magada su zo suna neman ta da takardun kotu.